Na Ce Mata Ni Na Wanke 'Yarta

Assalamu alaikum, Gwaggo Remziya. Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin Alhamis ta sama, domin na rasa inda zan sa kaina. Yau sau uku na share tsakar gida. Na gangara har tashar jiragen ruwa na dawo ban san abin da na je yi ba, na ɗora gahawa na manta da ita ta ƙone. Wannan ce takarda ta huɗu da na fara rubutawa, ki yi haƙuri in na yi ta kewaye-kewaye.

Shekaruna hamsin da biyu, mijina ya daɗe da rasuwa, ina zaune a wani ƙauye da ke kan tudu a saman garin Tsohuwar Bar. Shekara goma sha uku na yi ina wanki da guga a jiragen ruwan 'yan yawon shaƙatawa, can ƙasa inda babu taga. Kafin in fara aikin jirgi ni nake taya malamarmu wankan gawar mata, don a hannunta na sauke Alƙur'ani. Kowa a ƙauyen ya san na iya.

Maƙwabciyata, Inna Hajriya, tsohuwa ce mai shekara saba'in da tara, katanga ɗaya ta raba gonar zaitun ɗinta da tawa. Ni na samo wa 'yarta Sadeta aiki a jirginmu, tana gyaran ɗakunan fasinjoji a hawa na tara. Ranar da za mu tafi Inna ta kama hannuna a bakin mota ta ce, "Ga ta nan, amana. Ba ta da kai, ki riƙa duba ta." Sadeta ta ce, "Inna, shekarata talatin da shida fa." Inna ta ce, "To, har yanzu kan bai fito ba."

Bara, da annobar korona ta shiga jirgin, muna tsakiyar teku. Tari ya fara daga hawa na sama. Tasha uku suka hana mu tsayawa, muka yi kwana ashirin da shida muna kewaya ruwa, muna hango fitilun garuruwa da rufin gidaje. Aka kulle fasinjoji a ɗakunansu, aka kulle yawancin ma'aikata, sai mu masu wanki da 'yan kicin aka bari muna fita, tunda zannuwan marasa lafiya ba sa ƙarewa. Kullum da safe kyaftin zai yi magana ta lasifika ya ce mu ƙara haƙuri. Daga baya ya daina faɗin yawan waɗanda suka kwanta.

Sadeta ta kamu a mako na biyu. Ba a bar ni na gan ta ba, sai ta wayar ɗaki muke magana. Rana ta ƙarshe da na ji muryarta tana numfashi da ƙyar ta ce, "Yaya, in na tafi kada ki bari su rufe ni da rigar kamfanin nan. Ba ta taɓa yi mini kyau ba." Na ce ta rufe mini baki, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Bayan kwana huɗu ta cika.

Gwaggo, ban wanke ta ba. Ko fuskarta ban gani ba. Na je wurin likitan jirgi na roƙe shi, ya ce doka ce, babu mai taɓa ta, an riga an sa ta a jaka biyu an kai ɗakin sanyi. Na koma wurin aikina na ɗauko sababbin zannuwan gado, na yanka ƙyalle biyar kamar yadda ake yi wa mace, na goge su, na ninke, na ba wata nas na roƙe ta ta sa su tare da ita. Ta karɓa ta gyaɗa kai. Fuskarta a rufe take, ban san ko ta fahimce ni ba, kuma har yau ban san ko an sa ba. (Zannuwan ma ba nawa ba ne, na kamfani ne, ban nemi izini ba. Wannan ma yana cina.) Da azahar na tura keken wanki har ƙofar ɗakin sanyin, na tsaya ina karanta Yasin. Ban kai rabi ba mai gadi ya kore ni.

Akwatin gawarta ya riga ni isa gida da mako biyar, an liƙe shi da darma, maza huɗu cikin fararen kaya suka binne ta. Da na gama kwanakin killacewa na shiga ta'aziyya. Inna na zaune a gindin zaitun, ta rame kamar a hure ta. Ta kama hannuwana biyu ta juya su tana kallo, ta ce, "Ke kika yi mata wanka, ko? Na san ba za ki bari baƙi su taɓa mini ita ba." Na ce eh. Wallahi ban shirya faɗin haka ba, fitowa ta yi.

Da abin ya tsaya a nan da sauƙi. Amma duk Alhamis nakan shiga mu sha gahawa, kuma duk Alhamis sai ta yi tambaya. Ruwan da ɗumi? Na ce da ɗumi. An sami kafur? Na ce an samu. Kin raba mata gashi gida uku? Na ce na raba. Wata rana ta ce, "Fuskarta fa?" Na ce kamar mai barci. Ni da nake tsoron in ce wa mai kifi ba ni da canji alhali ina da shi, yau shekara guda ina ƙera wanka a bakina, har na fara ganin abin kamar ya faru. Ta ciro tawul mai aikin hannu daga kayan auren Sadeta ta ba ni, kamar yadda ake ba mai wanka. Yana cikin akwatin kayana, ban iya buɗe akwatin ba. Ta ce tun ranar da na gaya mata ta fara samun barci.

Watan jiya kuma ta kira ɗanta da malama, ta ce su shaida, in ta mutu ni zan wanke ta, da hannun da ya wanke 'yarta.

Alhamis ta sama za a yi tauhidin shekara, wato taron addu'ar cikar shekara da rasuwar Sadeta, mata za su taru a tsakar gidanta, ta ce in zauna kusa da malama in ba su labarin yadda aka yi. Kuma Fikreta za ta zo, wadda muka yi aiki tare a jirgin, tana kicin, yanzu ta dawo hutu. Shekaranjiya ta kira ni ta ce, "Waliyiya, ashe ke kika wanke Sadeta? Ta ina kika shiga, ta ramin mukulli?" Ta ce, "Ni dai kin san bakina. Ba zan fara ba, amma in tsohuwar nan ta tambaye ni ba zan kai kaina wuta saboda ke ba."

Ina tsoron Allah, ina kuma tsoron in kashe tsohuwar nan da gaskiya. In roƙi Fikreta ta rufa mini asiri? In ƙirƙiri ciwo in ƙi zuwa? Ko in faɗa mata, in karɓe abu ɗaya da ya rage mata? Ki gaya mini, na gaji da zirga-zirga.

Mai guga, daga saman Tsohuwar Bar

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Zauna tukuna, tsakar gidan ta sharu haka nan.

Kin ɗora wa kanki kaya biyu, ɗaya ba naki ba ne. Rashin wankan ba laifinki ba ne, kuma bai rage Sadeta da komai ba. Inda taɓa gawa zai jawo cuta, malamai sun yi rangwame, kuma wanda annoba ta ɗauka ana yi masa fatan shahada. Ki tambayi malamarku, za ta faɗa miki haka. Batun zannuwa kuwa, ki sayi sababbi ki kai asibiti sadaka, ki yi istigfari, ki rufe wannan babin.

Kayanki shi ne maganar. Eh ɗin farko ba zan tsananta miki a kai ba, da wuya a sami wadda za ta dubi idon tsohuwar nan ranar ta faɗi wani abu daban. Amma kin bar ta tana girma mako-mako. Na yi tunani sosai a kan shiru, domin barcin uwa mai shekara saba'in da tara ba abin wasa ba ne. Da babu wanda ya sani, kuma da ba ta gina komai a kan maganar ba, da ƙila na ce ki riƙe bakinki ki tuba tsakaninki da Ubangijinki. To amma ta gina wasiyyarta a kai, a gaban shaidu, kuma Fikreta na nan tafe. Abin da ya rage a hannunki shi ne daga bakin wa za ta ji, kuma a gaban su wa. Kada ki roƙi Fikreta ta yi ƙarya, matar ta yi miki adalci da ta kira ki tun da wuri. Kada kuma ki ƙirƙiri ciwo, kujerarki in aka gan ta ba kowa ita za ta yi magana.

Akwai abin da na lura da shi a wasiƙarki. Wanda zuciyarsa ta natsu ba ya tambaya duk mako ko ruwan da ɗumi. Inna Hajriya ta ga akwati a liƙe, ta ga yadda aka binne mutane bara. Ba zan rantse ba, amma ina zaton ba za ki ba ta mamaki kamar yadda kike tsoro ba.

Ki fara zuwa wurin malama ki gaya mata komai, ki roƙe ta ta kasance kusa. Sannan ki shiga wurin Inna da hantsi, ranar Litinin ko Talata, ba ranar taro ba. Ki faɗa mata a jimla ɗaya, ba kewaye: ban wanke ta ba, an hana kowa, na ji tsoron gaya miki. Ki daure kada ki riga ta kuka, kada ya zama ita ce za ta rarrashe ki. In ta ba ki dama, ki ba ta abin da kike da shi na gaskiya, ƙyallayen nan biyar, da tsayuwarki a ƙofar, da maganar da Sadeta ta yi a waya. Shekara guda kina hana uwa kalmomin 'yarta na ƙarshe saboda ba su shiga cikin labarin da kika tsara ba. Ki ajiye tawul ɗin a gabanta, ki ce ta sake shawara a kan wasiyyar, duk yadda ta yanke ki karɓa. Fikreta kuwa har yanzu tana da mutane a jirgi, ki sa ta nemo miki nas ɗin, amma kada ki jira amsa kafin ki je.

Kada ki nemi yafiya a ranar, wannan ma ɗora mata wani aiki ne. In ta juya miki baya ki tashi ki fita ba gardama. Washegari ki shiga ki kai mata itacen murhu kamar kowace maƙwabciya, ki ajiye ki fito. Jibi ma haka. Tsohuwa ce, ba za ta iya ɗauko shi da kanta ba, ko tana fushi da ke ko ba ta yi.

Allah ya jiƙan Sadeta da duk waɗanda suka cika a kan ruwan nan, ya sanyaya zuciyar mahaifiyarta, ke kuma ya ba ki ƙarfin taka ƙofar.

Gwaggo Remziya