Taku Sittin da Uku

Litinin, 5 ga Mayu 2025

Jiya na iso Yamai, yau na kai takarduna biro, wato ofis, a unguwar Filato. Shef, shugaban wurin, ya ce ya ba ni wata guda in nemi gida in ɗauko iyali. Ni iyalina mutum ɗaya ne, Baba, kuma ba ya gani. Shekara tara ke nan, tun da aurena ya mutu na koma gida Tawa, ni ke ɗuma masa ruwan alwala, ni ke dama masa koko, ni ke ɗiga masa maganin idon da ba ya maganin komai. Ban nemi canjin wurin aiki ba. Takarda kawai aka miƙo mini.

Na sauka unguwar Wadata wajen Farida, 'yar ƙanwar innarmu. Ɗaki biyu, yara biyar. Tabarmata tana gindin firji.

Talata, 6 ga Mayu

Farida ta haɗa ni da wani dillalin gidaje, Bawa. Mutumin nan ko akurkin kaji ya nuna maka, sai ya ce akwai iska.

Na kira Baba in ji wace unguwa yake so. Bai tambayi ɗaki nawa ba, bai tambayi pampo ko wuta ba. Ya ce, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa gare ni, "daga ƙohwar gida zuwa masallaci, taku nawa na?"

A Tawa sittin da uku ne. Hannun dama a jikin katanga, sanda a hagu, sau biyar a rana, ba mai riƙe shi. Shi ke nan abin da ya rage masa yana yi da kansa. In na raba shi da wannan, ban san me zan kawo Yamai ba.

Laraba, 7 ga Mayu

Bayan an tashi aiki na zaga Filato da ƙafa. Inuwa, dogayen katangu, masu gadi suna shan shayi. Na tambayi Bawa ko za a samu wani abu a nan, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Madam, nan kallo ake zuwa." Duk da haka na ƙirga daga wata ƙofa zuwa masallaci. Na bari a ɗari biyar.

Asabar, 10 ga Mayu

Gida a Wadata, bayan layin teloli. Taku arba'in da ɗaya. Sai da zuciyata ta yi tsalle. Ko'ina Hausa ake yi, har na ji wani mai goro da bakin mutanen Tawa. Baba zai samu abokan hira.

Amma a cikin arba'in da ɗayan nan akwai kwata a buɗe, akwai gudron, titin kwalta, da za a tsallaka, ga taksi, ga kabu-kabu, ga masu tura kaya da ba sa kallon gabansu. Ni mai ido biyu sai da amalanke ya yage mini gefen zane.

Bawa ya ce ai sai a samu mai kai shi ya dawo da shi. Kaɗan ya rage in zage shi.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ƙafafuna sun kumbura. Wuta ta ɗauke tun safe.

Laraba, 14 ga Mayu

Gida uku cikin kwana uku. Ɗari da saba'in, ɗari uku, ɗaya kuma masallacin yana bayan tashar mota. Yau na kama kaina ina ƙirgawa daga teburina zuwa ƙofar shef. Goma sha tara. Na ce wa kaina, Zuwera, kin fara taɓuwa.

Asabar, 17 ga Mayu

Saga. Da nisa daga biro, taksi biyu, amma da na sauka sai na ji kamar an cire mini wani abu daga kunne. Gonakin shinkafa, iskar kogi, awaki. Gidan yana da bishiyar mangwaro da tsakar gida mai faɗi. Katanga miƙe take sak har masallaci, ba kwata, ba mota. Tamanin da takwas. Sau biyu na ƙirga, na biyun da idona a rufe, hannuna a jikin bango. Har na zaɓa wa Baba ɗaki.

Muna fitowa wata tsohuwa a maƙwabta ta ce mini fofo, na mayar mata, iyakar Zabarmancina ke nan. Ta dubi Bawa, ta dube ni, sai ta kama hannuna ta zaga da ni bayan gidan, inda sabon fentin bai kai ba. Wani layi ne baƙi-baƙi a bangon, daidai ƙirjina. Ta ɗora yatsa a kai, da Hausarta ta kasuwa ta ce, "Ruwa. Ruwa ya zo nan."

Bawa ya shiga duba wayarsa.

Damina saura kaɗan. Na tsaya ina kallon layin, ina ganin kaina da tsoho makaho a baya, ruwa a ƙirji. A taksi na yi kuka, direba ya ƙara sautin rediyo. Allah ya saka masa.

Lahadi, 18 ga Mayu

Na karanta wa Baba lissafin duka, unguwa-unguwa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Da ƙahwar wa kika ƙidaya?"

Na ce da tawa mana.

"Takunki ba nawa ba na, uwata. Ni ma na daɗe da barin ƙidaya. Inda siminti ya ɓalle, nan nika karkata. In na ji tukunyar shayin Buba, na san saura kaɗan."

Na ce to me ya sa ya bar ni ina yawo cikin rana kamar mai neman ɓatacciyar akuya? Ya ce ya so in gani da kaina. Wai sun gama magana da ƙanena Isaka, shi da matarsa Balkisa za su dawo gidan. Shi Baba ba ya zuwa Yamai. Na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Sai ya yi 'yar dariya ya ce, "To, ran da kika samu gidan da katangarshi ke haɗe da masallaci, ki hwaɗa mini, in taho."

Balkisa ba ta ma san ba ya shan sukari a koko ba.

Talata, 20 ga Mayu

Na roƙi shef a mayar da ni Tawa. Ya ce, "Madam, ba ni na sa hannu ba." In rubuta takarda, in jira, ƙila shekara biyu. Na rubuta. Na ga inda sakatare ya ajiye ta, ƙarƙashin wasu da suka fara ja.

Juma'a, 23 ga Mayu

Na kira Balkisa in faɗa mata yadda ake ɗuma ruwan. Ta ce, "Yaya, kada ki damu." Ina jin Baba can baya yana dariya da yaranta. Wai ta sa masa sukari, ya shanye har ya nemi ƙari.

Ya kamata in ji daɗi. Haushi na ji.

Laraba, 28 ga Mayu

Na kama ɗaki ɗaya a Yantala, gidan wata Hajiya Delu. Ta tambayi ina maigida, na ce babu, ta dube ni sama da ƙasa ta miƙo makulli. Na ɗan lokaci ne. Na ce wa Bawa ya ci gaba da nema.

Asabar, 31 ga Mayu

Bayan sallar asuba na koma na kwanta, ban tashi ba sai tara. Rabona da haka shekara tara. Ba wanda ya kira ni. Na je kasuwa na sayi labule ruwan ɗorawa, ba don komai ba, taga ce ba sutura.

Da azahar Bawa ya kira, bakinsa har rawa yake. Gida kan tudu, layi ba mota, maƙwabta 'yan Tawa, katanga ɗaya da masallaci. "Madam, taku goma sha biyu, ni da kaina na ƙirga." Na ce zan kira shi.

Da la'asar na yi waya da Baba. Ya tambayi labarin Yamai, na ba shi labarin labule, launinsa da tsawonsa da yadda na yi ciniki. Ya ce Allah ya sa albarka.

Gobe zan kira Bawa. Gobe Lahadi ce ma, ƙila ba ya aiki.