Bindigar Baba Bayan Gyara

Litinin, 4 ga Afrilu, 1938
Na dawo Bagudo hutun makaranta. Kawu Cindo ya maido da bindigar Baba daga wajen wani maƙeri a tsallaken iyakar Dahome, inda ya kai ta gyaran kunama. An naɗe bututun da sabuwar fata. Wa ya sa a naɗe?

Talata, 5 ga Afrilu
Ɗanmaliki mai sayen tsofaffin bindigogi ya zo. Bara ya yi wa Baba tayin bijimi a kan bindigar, don bututun ƙarfen Jamus ne. Yau ya rataye ta da zare, ya ƙwanƙwasa da wuƙa, ya kasa kunne. "Malam Mamuda, wagga ko akuya ba ta kai ba. Na Jamus kuka shi kai, wanga tari." Baba ya kore shi. Na ɗauka wayon 'yan ciniki ne.

Alhamis, 7 ga Afrilu
Da kowa ya tafi gona na ɗaga fatar kaɗan. Ni ke goge bindigar da man kaɗe tun ina ƙarama, na san akwai ɗan kambi da haruffan boko kusa da kunama. Babu su. Ƙarfen ma kaushi.
Ko dai na manta wurin ne.

Juma'a, 8 ga Afrilu
Ban manta ba, an musanya bututun. Kawu kuma da sabuwar riga.

Asabar, 9 ga Afrilu
Dorina ta shiga shinkafa. Baba zai bi ta jibi, kuma albarushi yake ninkawa in dorina ce. Bututun maƙera ba ya ɗaukar haka, fashewa yake a hannu. Na faɗa wa Inna, ta ce, "Ƙanena ne fa, Hamsatu. Bokon nan ya sa ki zargin mutane."

Lahadi, 10 ga Afrilu
Na durƙusa gaban Baba. Sai na ɗauko wuƙa na farke fatar a gabansa. Ya daɗe yana shafa wurin da babban yatsa. Ya ce, "Tashi, ɗiyata." Ya mayar da albarushin cikin tulu.

Talata, 12 ga Afrilu
Baba da masunta sun kori dorina da ganguna. Ba wanda ya ce wa Kawu komai, Inna kuma ba ta kallona. Ni na kai wa Kawu tuwo. Ban durƙusa ba, a tsaye na miƙa. Gwiwata ce ke ɗan ciwo.