Ɗakin da Ka Ce Kar a Taɓa

Baban Hadiza,

Sallama gare ka a inda kake kwance, Allah ya haskaka makwancinka. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko da ranka ma ba lallai ka karanta ba, sai dai in an ce maka akwai labarin fim ɗinka a ciki. To, akwai, sai ka saurara.

Sabon fim ɗin ɗan leƙen asirin nan na Turawa da kake jira bai fito ba. Na fara da wannan don na san shi za ka fara tambaya, kafin ni, kafin 'yarka. Na shiga takaba na fita, har yau shiru. Musa direba, mai karanto muku labarai a waya da Faransanci, ya ce mai shirya fim ɗin ya yi faɗa da masu kamfanin ya kama gabansa. Aka kawo wani, shi kuma ya ce labarin bai yi masa ba, a sake rubutawa. Yanzu ma wai ba su san wanda zai fito a ɗan leƙen asirin ba. Mutanen da ba su taɓa jin sunan unguwarmu Belleville ba, su ne suka riƙe mini ɗaki ɗaya cikin biyun da ka bari.

Ka tuna abin da ka faɗa a asibiti? Ni ban manta ba. Ina riƙe da hannunka, ina jira ka ce wani abu a kan Hadiza da ƙaramin cikinta, ko ka ce in yafe maka, ko da a baki ne kawai. Sai ka juya wajen Alhaji Sani dillalin shanu, ka ce kar a taɓa ɗakin kallo sai sabon fim ya fito an kalle shi a ciki. Wasiyyarka ke nan bayan duk zaman da muka yi. Wane irin mutum ne kai?

Abokanka kuwa sun riƙe maganar tamkar aya. A kan tabarmar ta'aziyyarka ma, da liman ya shafa Fatiha, sai na ji ta taga sun koma musun da kuka saba. Alhaji Sani ya ce fim ɗin ya mutu tun ranar da ɗan wasan farko ya tsufa, sauran duk kame-kame ne. Musa ya ce ai tsofaffi ne suka hana abin ci gaba, a ba yaro matashi. Wani ya rantse in aka ba wanda bai iya sa kwat ba, shi da kallo har abada. Kai kana ƙasa ko bushewa ba ta yi ba, su suna rabon kwat. Tun daga nan kowace Lahadi sai sun zo, su buɗe ɗakin, su kunna tsofaffin finafinan, su bar mini kofunan shayi.

Bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk finafinan nan na kalle su. Kana dawowa daga rumfar namanka ta Adjamé, ka wanke ƙarnin kitse, ka ɗora kwat ɗin gwanjon nan a kan jallabiya ka zauna kamar kai za a aika aikin, ni kuwa ina bakin ƙofa da turmina ina gani. Kuma ɗan wasan da ka tsana ɗin nan, wanda ka ce ƙirarsa ta 'yan dakon tasha ce, shi ya fi. Yana gajiya, yana jin ciwo, in an kashe masa mutum sai ka ga abin a fuskarsa. Naka gwanin fa? Gari ya ƙone, shi gyara wuyan riga yake yi. Yanzu na gane abin da ya sa kake son sa.

Ga labarin da ya kamata ka fara tambaya. Hadiza ta sauka lafiya, namiji. Haihuwar fari ce, ka san gida za ta zo wankan jego, a hannun uwarta. Ita da mijinta ɗaki ɗaya gare su a bayan unguwar Indénié, ko wurin dafa ruwa babu. Ina zan sa ta? A ɗakina da buhuna da firiza suka cinye, ko a tsakar gida, maƙwabta suna wucewa?

Na aika wa Alhaji Sani. Ya zo da carbinsa, ya ce maganar mamaci ba abin wasa ba ce, in yi haƙuri, ya ji ana cewa an kusa fara ɗauka. An kusa. Kalmar da na yi shekaru ina ji a bakinka ke nan. Da ciwo ya fara cin ka na ce mu je a duba, ka ce an kusa. Da na ce mu je in ga 'yan'uwana a gida, ka ce an kusa. Mai jego ba ta san an kusa ba, ruwan zafi take so da safe da yamma.

Ban tambayi liman ba, don kar shi ma ya ce in jira. Na cire talabijin, na zuba fayafayanka a buhun shinkafa, na ɗora wa mai baro ya kai wa Alhaji Sani can tashar Adjamé, inda yake zaman jiran motocin arewa. Na wanke ɗakin, na yi turare, na shimfiɗa wa 'yarka katifa. Hotunan da ka manna a bango kuwa, da su na hura wutar ruwan wanka na farko.

Yanzu Alhaji Sani ba ya amsa gaisuwata. An kai maganar har kasuwa, wai na ci amanar mijina tun bai daɗe ba. Abin yana yi mini zafi, ba zan ɓoye maka ba, kuma wani lokaci ina jin tsoro. Amma kai ka jawo. Da ka bar mini kalma ɗaya tawa, da ita zan riƙe, in bar musu ɗakin. Ka tashi tafiya, ka ba Turawan da ba su san ka ba maganarka ta ƙarshe, ni ka bar ni da wanke kofuna. Ina jin haushinka, Baban Hadiza, kuma ina kewarka, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

An sa wa yaron sunanka. Ka san ba zan iya kiransa ba, Ango nake ce masa. Kujerarka kaɗai na bari a ɗakin, a kanta nake zama in riƙe shi in uwarsa ta shiga wanka. Goshinka ne sak, har yadda yake ɗaure fuska in an taɓa shi.

Na karya wasiyyarka da sanina, kuma ko gobe aka maimaita haka zan yi. In kana da magana, ka riƙe ta sai na zo mu yi ta gaba da gaba. Ba sauri nake ba, ina da jika. Ka jira ni, ai ka iya jira.

Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka.

Matarka da ba ta huce ba,
Uwar Hadiza,
Belleville, Treichville.