Mai Tagogi Inna Ta Zaɓa

Gure, cikin watan Rajab, 1998

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Daga Alhaji Hamidu, uban dillalan kasuwar raƙuma ta Gure, wanda idan ya yi gyaran murya a zaure kowa ke gyara zama, zuwa ga ɗan ƙanwata Sadi da ke birnin Abijan. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, Ya tsare ka daga zazzaɓin bakin teku da abokan banza, Ya yi wa nemanka albarka. Mu nan lafiya lau muke. Damina ta yi kyau, gero ya shigo rumbu, har mutanen Gidigir suna ta cika baki. Yayarka Yakura ta sauka lafiya, an samu mace, kuma kowa ya gan ta sai ya ce kunnuwanka ta ɗauko, Allah Ya ba ta haƙurin zama da su. Ƙaninka Ila kuwa ya zama yaro mai natsuwa, babu kamarsa a unguwa, ya kamata ka tuna da shi da agogon hannu.

Takardarka ta iso, kuma Mushe Anas, malamin lakwal, wato makarantar boko, ya karanta mana ita a tsakar gida. Sai dai kafin ya kai ƙarshe an riga an yi ɓarna. Da ya zo inda ka ce ka haɗa ordinata, wato injin kwamfuta, da hannunka domin aikin burs, mahaifiyarka ta rangaɗa guɗa, don ita burs ɗin da ta sani shi ne wanda gwamnati ke ba ɗan makaranta. Ta aiki ƙanwarka Kellu gida-gida cewa Sadi ya sake cin burs, aka toya masa aka rabar sadaka. Sai washegari Mushe ya samu ya fahimtar da ita cewa wannan burs ɗin kasuwa ce, inda ake saye da sayar da hannun jarin kamfanoni ba tare da an ga ko jelar abin da aka saya ba. Ta ce ba komai, sadaka ba ta ɓata hanya.

To, ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Ka ce ka tsinto ƙarafan injin ɗaya-ɗaya a shagon da kake gyara, ka ɗaura, ya kama wuta, saura ka zuba masa abin da kuke kira sistem, wanda ka ce shi ne hankalin injin, in babu shi akwati ne kawai. Ka ce guda uku ne a gabanka. Akwai tsoho mai baƙin allo da farin rubutu, wanda ka san halinsa tun kana koyo. Akwai sabo mai tagogi, da ake nuna abu da wata 'yar na'ura da kuke kira ɓera maimakon a rubuta. Akwai kuma na kyauta, wanda masana suka haɗu suka yi, ka ce ba ya gajiya amma sai mutum ya zauna da shi kamar mai jinya. Kuma ka ce ba za ka iya barin Abijan ba sai ka gwada kowanne ka tabbatar. Tun kafin a yi shuka kake wannan gwaji, Yaya, wato ɗana, ga shi har an ɗaure damma.

Na tara mutane mun tattauna. Ɗan Kasuwa mai shagon bakin tasha ya ce a ɗauki tsohon, don ba a gwada sabon raƙumi a doguwar tafiya. Yakura ta ce na kyautar, wai ta san hannunka. Kellu ba ta yarda da kowanne ba tun da ta ji akwai ɓera a ciki. Ni kuwa na sa Mushe ya maimaita wani wuri a takardar, inda kai da kanka ka ce furogiram ɗin farashi da dillalinka na burs ya ba ka a faifan disket ba ya tafiya sai a kan mai tagogi. To, ina sauran shawara? Mu nan raƙumi ake saya sannan a nemo masa akala daidai da shi, ban taɓa ganin wanda ya yi wata biyar yana lailaya akala uku raƙumi na tsaye a rana ba. Ka san amsar tun ranar da ka rubuto. Ina jin ba injin ne ya riƙe ka ba.

Bari in faɗa maka abin da ba a so a rubuta maka. Yanar idon mahaifiyarka ta ƙaru. Idon hagu ya rufe, na dama kuma inuwa kawai yake gani. Ko jaririyar Yakura, sai da ta shafa da hannu ta san fuskarta. Rannan ta zuba gishiri a fura, ta riga kowa dariya, amma da ta shiga ɗaki ba dariya na ji ba. Likitocin ido za su zo Damagaram cikin Sha'aban, su yi kwanaki kaɗan su tafi, kuma an ce irin nata ana cirewa mutum ya gani. Ta ce ba mai sa mata ƙarfe a ido sai Sadi na riƙe da hannunta. An yi lallashi, an yi faɗa, ta ce allambaran. Ka san ta. Ina zaton tsoron ganinta a haka ne ya sa ka ɓuya a bayan injin, ko kuma kunyar dawowa kasuwarka ba ta fara tafiya ba. In kunya ce, ka bar ta a can, ba wanda zai buɗe jakarka a tasha.

Da aka gama musu, ita ma ta ce a ji tata. Ta tambaya wanne ne mai baƙin allon, aka faɗa mata, ta ce a'a, duhun da take ciki ya ishi gidan nan. Ta ce a rubuta maka ka ɗauki mai tagogin, ko ba komai haske zai riƙa shigar maka, tunda an ce ɗakinka na Abijan ko taga ɗaya ba shi da ita. Saboda haka na yanke hukunci, kuma ka san ba a mayar mini da magana. Ka zuba mai tagogi, ka ga ya tashi, ka kashe shi, ka lulluɓe shi da zane, ka hau mota. Farashi zai hau ya sauka ko kana nan ko ba ka nan, amma likitocin nan ba za su jira kowa ba.

Ka gaida maigidanka na shago da duk 'yan Gure da ke wurin. Yakura da mijinta Mahaman suna gaishe ka, haka ƙannenka Kellu da Salamatu, da kuma Mushe Anas. Inna ta ce kada ka sayo mata komai, kuma ka riƙa cin abinci. Allah Ya kawo ka lafiya, Ya buɗe idonta a kan fuskarka.

Yanzu kuma, Yaya Sadi, ka sauke hular da na san ka gyara tun layin farko. Kawu Alhaji yana garin Bune wajen sayen dabbobi, bai san da wannan takarda ba, kuma in ya sani kashina ya bushe. Na ari sunansa ne don na san in ka ga nawa a sama sai ka ajiye ta sai bayan Salla. Amma maganar Inna, wallahi ban ƙara ko wasali ɗaya ba. Ni ke ja mata hannu zuwa bayan gida, na san abin da nake faɗa. Na san kuma ka fusata, kuma na cancanci duka. Bulala tana nan rataye a zaure, ba zan gudu ba, amma ba a aiko ta ta gidan waya. Sai ka zo da kanka, kafin Sha'aban ya raba.

Ƙaninka mai jiran hukunci,
Ila