Dubiyar da Aka Hana Ni

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi kuma damina na tafiya lafiya. Na zaɓi takarda ne don wayar maƙwabta ba ta da sirri.

Ki kwantar da hankalinki, an ba da belin Isyaku, ga shi nan yana cin tuwo kamar ba shi ba. Abin da ya faru shi ne, wani mai adaidaita ya kaɗe wani dattijo, Malam Ɗahiru, a bakin kasuwar Tarauni ya gudu. Ɗan naki sarkin tausayi ya tsaya ya kai shi asibiti a tasa adaidaitar, sai aka riƙe shi aka ce shi ne.

Mun samu lauya, Barista Ogechi, haihuwar Kano, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Ta ce Isyaku ya faɗa mata komai, mai daɗi da marar daɗi, kada ya ƙara sa hannu a wata takarda sai tana wurin, kada kuma ya fasa zuwa kotu ko da ciwo yake. Ta kuma ja kunnena musamman, wai kada wani namu ya je wurin Malam Ɗahiru ko iyalinsa. In sulhu muke so, ta hannunta zai bi.

Wannan na ƙarshen ya tsaya mini a rai, Inna. Dattijo yana kwance da karaya, layi kaɗan tsakaninmu, a ce ko sannu ba mu je mun yi ba? Ba haka kika rene mu ba. Su lauyoyi sun san doka, amma zaman tare sai mu.

A gaida su Baba Haruna.

'Yarki,
Uwani

*

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Mu dai da sauƙi ba za a ce ba, kuma ni ce sila.

Na je dubiyar. Na sayi ayaba da lemo, na durƙusa gaban dattijon, na yi abin da kowace 'yar mutunci take yi. Na ce tsautsayi ne, yaro ne, a yi haƙuri a yafe masa. Suka karɓe ni hannu bibbiyu, har ruwa aka kawo mini. Ashe babban ɗansa yana ɗaukar maganata a waya.

A zaman kotun da ya biyo baya mai gabatar da ƙara ya ce muna bin shaidu gida muna lallashi, kuma ga yayar wanda ake tuhuma da bakinta tana roƙa masa yafiya. Wa ake roƙa wa yafiya in bai yi laifi ba? Barista ta yi iya yinta, ta ce al'ada ce, kuma ban ga hatsarin ba balle in ba da shaida a kansa. Duk da haka alƙali ya soke belin, aka wuce da Isyaku gidan gyaran hali. Garin neman gira na rasa ido.

Barista ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce za ta sake neman beli, kuma in aka kira ni gaban kotu in faɗi abin da na faɗa, kada in rage ko in ƙara.

Jiya na kai wa Isyaku abinci. Ya rame, Inna. Na zaci zai zage ni, na ma shirya wa hakan. Sai ya dube ni kawai ya ce, "Yaya, da kika ce a yafe mini, ke ma kin yarda ni na kaɗe shi?"

Na so in ce a'a nan take, amma Allah ya sani na san gudun da yake yi a titi, kuma zuciyata ta taɓa raya mini ko shi ne. Kafin in haɗa amsa ya ture kwanon gabana ya juya ya koma ciki.

Ki sa mu a addu'a. In za ki aiko masa da saƙo, ki ba Baba Haruna, don Isyaku ya ce kada a ƙara turo ni.

'Yarki,
Uwani