Mai Hoda Ko Mai Tawada

Multan, 3 ga Yuni

Zuwa ga yayana abin ƙaunata, Bhai Ejaz,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Bhabi Tehmina da yara. Yaya ciwon bayan nan naka, ya sake ka? Mu nan lafiya lau, sai zafi da ɗauke wuta. Mangwaro ya fara shigowa kasuwa.

Kada ka yi mamakin ganin rubutun hannu. Ka san gidanmu, in na yi magana a waya daga kicin Abbu yana ji daga tsakar gida, shi ya sa na rubuta a takarda, zan ɗauki hotonta in tura maka.

Kuɗin firinta sun iso, Allah ya saka da alheri. Ban saya ba tukuna, ga kuma dalili.

Tun kafin in fita na riga na yanke shawara, mai hoda zan saya, wadda suke kira leza. Abin da nake bugawa takardun lissafi ne na 'yan matan da ke zuwa mini darasin yamma, baƙi da fari, kuma in aka yi hutu sai ta yi wata biyu ba a taɓa ta ba. Malamar kimiyya ta makarantarmu ta sayi mai tankin tawada bara, ta tafi hutu ƙauye, ta dawo ta tarar tawadar ta bushe ta toshe bakin na'urar. Hoda kuwa ba ta bushewa.

Ina yafa mayafi sai Abbu ya ce zai raka ni. Abbu fa, wanda ya yi shekara talatin da biyu a gidan waya yana cewa duk takardar da ba hannu ne ya rubuta ta ba, ba ta da mutunci. Na ce rana ta yi zafi, ya ce shi ya saba da ita tun kafin a haife ni.

Muka shiga shagon wani Pervez, mai gemu ja da lalle, baki kamar rediyo. Yana ganinmu ya miƙe ya ce, "Inayat Sahib, ka sake dawowa? Yau dai ka zo da mai yanke hukunci." Abbu ya dube shi ya ce, "Ni ban taɓa shigowa shagon nan ba." Pervez ya buɗe baki, ya dube ni, ya rufe, ya ce wataƙila kama ce. To, wa ya gaya masa sunan Abbu?

Daga nan ko kallon mai hoda bai bari na yi ba. "Baji, leza ta ofis ce. In aka ɗauke wuta batirin gidanki ba zai iya da ita ba, fankokinki ma sai sun tsaya. Wannan kuwa ba ta da cin wuta. Tawada ta ƙare, ki ɗura da kwalba kamar man girki. Ga launi kuma." Na ce lissafi ba ruwansa da launi. Abbu ko saurarona bai yi ba. Ya tambaya ko tana fitar da fuskar mutum sosai yadda za a gane shi. Ya tambaya shekara nawa hoton zai yi kafin ya koɗe. Pervez yana ba shi amsa kamar wanda ya riga ya haddace.

Na ce sai mun yi shawara. Muka hau riksha, keken hayan nan, sai da muka kusa gida Abbu ya ce, "Beti, 'yata, mai launin za a saya." Na ce me zai buga? Ya ce ba kome.

Bhai, mutumin da bai taɓa yi mana ƙarya ba ya yi ƙarya a gabana a kan firinta. Ko dai mai shagon ne ya yi masa daɗin baki don ya rabu da kayan da suka daɗe masa a kanta, ko kuma akwai abin da ban sani ba. In ya taɓa yi maka wata magana, ka gaya mini.

Ka gaida Bhabi, ka shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Nighat

Multan, 13 ga Yuni

Bhai Ejaz,

Assalamu alaikum, tare da fatan kowa lafiya, da fatan zazzaɓin ƙaramar ya sauka. Amsarka ta iso. Ka ce in saya masa abin da yake so in huta. Daga Maskat wannan magana tana da sauƙin faɗa. Saurari abin da na gani.

Gwangwanin biskit ɗin nan da Ammi, Allah ya jiƙanta, take ajiye hotunanmu, babu shi a kabad. Ranar Lahadi na hangi Abbu yana tsallaka lungu da ƙunshi a hammata, ya shiga gidan Khala Surayya. E, ita dai, ƙawar Ammi ta gidan da ke kallon namu, wadda mijinta ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Ya fi awa ɗaya a ciki.

Ranar Talata an tashe mu makaranta da wuri. Ina shigowa lungu na gan su suna saukowa daga riksha ɗaya, shi da ita, yana sanye da falmaran ɗinsa na Juma'a. Na laɓe bayan amalanken mai kankana kamar ɓarauniya, ni da shekara talatin da tara. Da na tambaye shi daga baya ya ce daga wajen aski yake. Sumarsa kuwa tana nan yadda take.

Na koma wajen Pervez ni kaɗai. Na ce ya gaya mini gaskiya ko in kai cinikina wani shago. Ya ce, "Baji, na rantse sau uku ya zo, kuma tambayoyin nan dai su ne kullum. Na ɗauka gwada ni yake yi ya ga ko zan canja magana." Na ce shi kaɗai? Ya sosa gemu ya ce sau ɗaya wata dattijuwa ta tsaya masa a waje.

Jiya kuma abin ya zo kaina. Ya kira ni ɗakinsa ya ce ina makullin akwatinsa. Na ce ban gan shi ba. Ya ce, "Gidan nan mu biyu ne. In ba ke ba, wa?" Da wata irin murya wadda ban san shi da ita ba. Na laluba aljihun falmaran ɗin na ciro masa shi. Ya daɗe yana kallon makullin, bai ba ni haƙuri ba, ya ce in fita in ja masa ƙofa. Ni a ganina neman dalilin rigima yake yi, domin ranar da zai faɗi maganar ya zama ni ce mai laifi.

Ba zan ɓoye maka ba, aure nake zargi. Ban kuwa hana shi ba. Ammi ta cika shekara uku da rasuwa, halal ne, Khala Surayya kuma ba ta taɓa yi mini kome ba sai alheri. Ɓoyon ne yake cin raina. Me za a yi da hotunan? Katin biki za a buga, ko kwashe fuskar Ammi ake yi daga gidan a hankali? Takardun gidan ma ka san a akwatin nan suke. Shekara goma sha ɗaya ke nan da na dawo gidan nan bayan aurena ya mutu, ban taɓa jin ni baƙuwa ce ba sai makon nan. Har na fara tunanin ko kai ma ka sani, shi ya sa ka ce in huta. In haka ne, ka faɗa mini kawai.

Ranar Asabar zan sayi mai hoda. In kati yake so, maɗaba'a tana nan.

Taka,
Nighat

Multan, 19 ga Yuni

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ka sami wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa, kuma ka yafe mini zargin da na yi maka.

Ban sayi kome ba ranar Asabar. Na fita da niyyar kasuwa, sai na tsaya na sayi mangwaro, na juyo na ƙwanƙwasa ƙofar Khala Surayya. Ta ɗora shayi. Na hangi gwangwanin Ammi a kan teburinta, a fili, ba ta ma yi ƙoƙarin rufe shi ba. Na ce, "Khala, in za ki zama uwata, ya kamata dai in ji daga bakinki, ba daga bakin masu riksha ba."

Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce, "Ni da gwiwoyin nan? Na yi wa namiji ɗaya hidima shekara arba'in, ya ishe ni har lahira." Sai dariyar ta tsaya. Ta ce Abbu ya sa ta rantse, amma ta gwammace ta yi kaffara da ta bar ni a haka.

A watan Afirilu, Abbu ya fito daga sallar la'asar a masallacin da yake zuwa tun kafin a haife ka, ya kasa gane hanyar gida. Ya yi ta zagaya lunguna har ya tsaya a ƙofarta, yana tambayarta ko ta san gidan Inayat na gidan waya. Gidan yana bayansa, taku goma. Ta shigar da shi ta ba shi ruwa, bayan ɗan lokaci hankalinsa ya dawo, ya gane abin da ya faru. Ita ya roƙa ta kai shi wajen likita domin ta san ciwon. Ka tuna yadda mijinta ya ƙare, yana kiranta ɓarauniya a gaban baƙi, yana ɓoye gurasar roti a ƙarƙashin filo? Mu muna cewa tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Likita ya gaya wa Abbu shi ma abin da ya fara masa ke nan, kuma magani sai dai ya rage masa gudu. Can suke zuwa ranakun Talata.

Na ce to hotunan fa? Ta ce littafi yake so ya haɗa tun yana iya gane kowa. Kowane shafi fuska ɗaya, a ƙasa sunan mutumin da abin da yake a wajensa. Hannunsa ya fara rawa, rubutunsa shi kansa ba ya iya karantawa. Ba ya kuma so a kai shagon buga takardu, baƙi su karanta cewa Inayat Sahib yana bukatar a tuna masa sunan 'yarsa. Hotunan tana taya shi tantancewa ne, domin ta san 'yan uwan Ammi.

Na ce me ya sa bai gaya mini ba? Ta ce, "Ya ce ranar da kika sani za ki bar koyarwa ki zauna kina gadinsa. Ƙarya ya yi?" 

Ke nan a shagon Pervez ba ƙarya ya yi ba, Bhai. Da gaske bai tuna ya taɓa shiga ba. Ni kuma ina tsaye kusa da shi ina auna shi kamar mai laifi.

Na dawo gida na tarar yana ba tantabaru tsaba. Na zauna kusa da shi na ce, "Abbu, mai launin za mu saya." Ya dube ni, ya dubi ƙofar Khala Surayya, ya ce, "Matar nan ba ta da zurfin ciki." Shi ke nan abin da muka ce a ranar.

Kada ka kira shi kana kuka. Ka kira yadda ka saba.

Ƙanwarka,
Nighat

Multan, 4 ga Yuli

Bhai Ejaz,

Assalamu alaikum, da fatan kai da Bhabi da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Abbu yana gaishe ku. Makon nan da sauƙi, sau ɗaya kawai ya nemi abincin rana bayan ya ci.

Mai tawada tana kan teburin falo. Pervez da kansa ya kawo ta ya ɗura mata kwalabe huɗu, ya ja mini kunne cewa kada ta wuce mako ba a buga kome ba. Abbu ya ce masa kada ya damu, shafi ɗaya za a riƙa yi kullum. Takardun lissafina suna fita a hankali, wadda ta jiƙe kuma sai rubutun ya yi jirwaye, amma 'yan matan sun ce yanzu ne suka gane kusurwa, tunda na fara sa mata ja.

Bayan la'asar muke zama. Yana faɗa ina bugawa. Mun yi Chacha Rafiq ƙanin Abbu, mun yi Khala Surayya, wadda ya sa na rubuta mata "maƙwabciya, mai surutu, a yarda da ita." Da aka zo kaina ya ce in tashi. Ya zauna da yatsa ɗaya ya fi rabin awa, ya buga, ya sa a littafin. Da ya tafi masallaci tare da limamin da yanzu yake biyo masa, na buɗe. A ƙarƙashin hotona ya rubuta: "Nighat, 'yarka. A nan take zaune, gidanta ne. In ranka ya gaya maka ta cuce ka, ranka ne ba shi da lafiya."

Ina bukatar hotonka na yanzu, ba tabarau, ba hula, fuska sosai. Na yara ma ɗaya bayan ɗaya.

Shafi ɗaya ne muka kasa gamawa. Ya zaɓi hoton Ammi na ranar da ka gama makaranta, tana sanye da koren mayafi. Na rubuta sunanta, na rubuta "matarka", sai ya ce in dakata. Ya ce in an rubuta ta rasu, wata rana zai riƙa jin mutuwarta sabuwa duk safiyar da ya buɗe littafin. In kuma ba a rubuta ba, zai zauna a bakin ƙofa yana jiranta. Ya tambaye ni wanne ya fi, na ce ban sani ba. Muka buga shi a haka, ƙasan babu kome.

Ya ce wannan ba shawarar mutum biyu ba ce, kai ma uwarka ce. Ka nemi hutu yanzu, Bhai, kada ka jira salla. Yana so a yanke da shi tun yana cikin hankalinsa.

Ƙanwarka mai jiranka,
Nighat