Kada a Ɗauke Mana Matar da Ta Ƙi Cire Mini Haƙori

Zuwa ga Mai Girma Babban Likita mai kula da ɗakunan magani na Damagaram,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikata, tare da yi wa juna jajen wannan fari da Allah ya jarrabe mu da shi.

Ni Mamman Kyari, baduku ne a Birni, ɗinkin fata na gada. Ina rubuta wannan takarda bakina ya daina ciwo, cikina kuma cike da tuwon jar dawar taimako, don haka ba rigima na zo nema ba. Mun ji an yi wa Madam Rahila, mai duba haƙora a ɗakin maganin unguwarmu, takardar canjin wuri, wai jama'a sun kai ƙara ba ta aiki. Ga abin da na sani.

Na farko. Bara, bayan damina ta sake ƙi, haƙorana na dama suka kama ciwo. Wanda ke wurin kafin Madam mutum ne mai saurin hannu, ka nuna da yatsa ya cire. Biyu ya cire mini cikin sati shida. Na kawo su gida na wanke, na juya su a rana, ko huda ɗaya babu. Ciwon kuwa bai je ko'ina ba, matsawa ya yi ya kama na kusa da su.

Na biyu. Da na koma a cire na uku, Madam na tarar. Ta leƙa da ɗan madubi, ta ƙwanƙwasa, ta ce ba rami, ba za ta cire ba. Ta tambayi sana'ata, ta ce in dawo da aikina a hannu. Sai da na yi kwana biyar ina fushi, ciwo ya kora ni na koma. Na zauna gabanta na yi yadda ubana ke yi: na cije bakin fata da haƙori, na ja da hannu ina tuƙa. Nan ta tsayar da ni. Ranka ya daɗe, tun da fari ya sa makiyaya yanka dabbobinsu, fata ta cika kasuwa, majema kuma ba su da ruwan jiƙa ta yadda ya kamata. Fatar sai ta zo mana da tauri kamar ƙirgin bulala, ni kuwa ina wuni ina ja da haƙoran dama, abin da ya kawo ciwon ke nan. Ta sa na kafa ƙusa a gungume in riƙa maƙala fatar, in kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri. Badukai sun yi ta yi mini dariya, wai Kyari ya ɗauki ƙusa aiki. Cikin sati uku na ci gyaɗa soyayyiya.

Na uku. Matata Falmata dasashinta ne ya kumbura don rashin ganye a miya, Madam ta ce ta nemi zogale ko busasshe ne. Ladanin masallacinmu, Madam ta gano mura ce ta toshe masa hanci har ta sauko haƙoran sama, ta warke, ciwo ya tafi. Maƙwabcina ya tauna tsakuwa cikin dawa, haƙorinsa ya tsage har saiwa, shi kam Madam ta cire masa. Ashe ta iya cirewar, dubawa take yi tukuna.

Na huɗu, kuma shi ne mai nauyi a bakina. Takardar ƙarar da ke kan teburinka, duba sunan farko. Nawa ne. A cikin kwana biyar ɗin nan na fushi na sa hannu, har na zaga rumfunan badukai na tara wasu. Mu a ganinmu wanda bai fitar da jini ba bai yi aiki ba. Na warke na manta da takardar, ita kuwa ta ci gaba da tafiya ofis ofis. Madam tana da tsohuwar uwa a nan garin da ba ta iya tafiya, ga shi an ce ran Asabar mota za ta ɗauke Madam ɗin. Kunya ta ishe ni.

Ina roƙo a goge sunana, a dakatar da canjin. A kira waɗanda suka sa hannu ɗaya bayan ɗaya, a tambaye su yadda bakinsu yake yau. A kuma umarci duk mai riƙe da ƙarfen cire haƙori ya tambayi mutum abin da yake ci da aikin da yake yi kafin ya ja.

Madam ba ta san da hannuna a ciki ba. Kullum ta wuce rumfata sai ta tsaya ta gaishe ni, in amsa da fara'a. A wannan takarda za ta fara sani, shi ya sa na yi ta a buɗe, kowa ya karanta.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci, ya saukar mana da ruwa mai albarka.

Wassalam.

Naka,
Mamman Kyari, baduku, Birni.